Aikin Makarantar Da Na So In Saya

Yau wani laifi nawa zan fara faɗa muku, wanda na san iyaye da yawa a cikinku sun taɓa aikata irinsa.

A hutun da ya faɗo tsakiyar bazarar da ta wuce, babbar 'yata mai shekara 12 ta dawo gida da takarda daga malaminsu na kimiyya. An ce kowane ɗalibi ya haɗa abin da zai sanyaya ruwa ko ya hana kayan miya lalacewa ba tare da wutar lantarki ba, da kayan da ake samu a gida ko a kasuwa, sannan ya rubuta abin da ya gwada, wanda ya yi da wanda ya ƙi. A tsaye na karanta, ina saurin fita kantin magani. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, akwai kafinta nan unguwarmu Gwallaga, zai haɗa mata akwati mai kyau a shafa masa fenti, ta kai ta karɓi makinta. Bara ma haka na yi mata. Ta ce, "To, Umma," ta ninke takardar, amma fuskarta ba ta saki ba.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta a layinmu, aka ce sai an yi gyara mai ɗaukar kwanaki. Surukina, kakan yaran, yana tare da mu, kuma ya daɗe yana fama da ciwon sukari, safe da dare sai ya yi allurar insulin. Kwalbar da ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka na kwashe su na kai kanti inda muke da sola. Matsalar ita ce wadda yake amfani da ita kullum. Ita ana iya ajiye ta a ɗaki kamar mako huɗu, amma da sharaɗin zafin kada ya wuce digiri 30, wasu kamfanonin ma 25 suke rubutawa. Duk wanda ya san Bauchi a watan Afrilu ya san ɗakunanmu sun fi haka da rana. Na koma sayen ƙanƙara ina zubawa a kula, ina fargabar kada ta taɓa kwalbar, domin insulin da ya daskare ya lalace. Kafin la'asar kuma ta narke.

Da daddare muna shan iska a tsakar gida yarinyar ta ce, "Umma, aikin da Malam ya ba mu fa? In zai sanyaya ruwa, ba zai sanyaya allurar Baba Alhaji ba?"

Kunya ta kama ni. Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta yadda ake adana magani, amma 'yar shekara 12 ce ta haɗa takardar makaranta da matsalar gidanmu. Na ɗauko mata ma'aunin zafi daga kanti, na kafa mata sharaɗi biyu: za ta auna safe da azahar da dare ta rubuta a littafi, kuma ba za a saka magani ba sai na ga awo na kwana uku a jere.

Ta taɓa jin labarin a saka ƙaramin mazubi cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Sai ta ɗauki bokitan roba biyu ta yi hakan. Da azahar ta auna, ciki da waje kusan ɗaya. Ƙaninta ya tuntsire da dariya, ita kuwa idonta ya kawo ruwa. Amsar tana bakina, saura kaɗan in faɗa, sai kakan ya riga ni. Ya ce, "Amarya, je ki taɓa jikin randar can, ki dawo ki taɓa bokitinki, ki zo ki ba ni labari." Ta je ta dawo tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Baba Alhaji, randa tana zufa, roba ba ta yi."

Washegari muka sayo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ta zuba yashi a tsakani, ta jiƙa, ta rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ta kai ɗakin ajiya ta kulle don kada ƙanin ya fasa. Zafin ya sauka, amma kaɗan. Ita da kanta ta tuna cewa wanki ya fi saurin bushewa inda iska ke kaɗawa, ta fito da tukwanen ƙarƙashin rumfa cikin inuwa. Ranar da azahar waje ya nuna 39, cikin ƙaramar tukunya 27. Kwana uku bai kai 30 ba. Ta samo roba mai murfi aka saka kwalbar a ciki don kada ruwa ya goge rubutun jikinta, aka ɗora wa ƙanin aikin jiƙa yashi safe da yamma. Tun daga ranar bai sake dariya ba, ya zama mai gadi.

Wannan dabara tana da tarihi a nan arewa. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya inganta ta ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Sirrin kuwa shi ne wanda yarinyar ta gano da hannunta: ruwa yana tsatsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda zufa ke sanyaya jikinmu. Shi ya sa ta fi aiki a bazara da hunturu lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa sosai.

A nan dole in sa rigata ta aiki in ja kunne. Tukunya ba firiji ba ce. Ba a ajiye allurar rigakafi a cikinta, ba a ajiye insulin da ba a buɗe ba na tsawon lokaci, haka duk maganin da aka rubuta a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada a dogara da taɓawar hannu, a nemi ma'aunin zafi. A karanta takardar da ke cikin kwalin, a rubuta ranar da aka buɗe kwalba, kuma idan launin maganin ya canza ko ya yi gudaji, a daina amfani da shi a zo mana da shi. Idan awon sukari ya fara hawa ba dalili, a zargi ajiyar maganin a tuntuɓi likita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na kusa saye da kuɗina. Da kafinta ya yi akwatin, da ta samu maki, amma da ba ta san dalilin da ya sa roba ta ƙi ba, da ba ta koyi cewa in abu ya ƙi ana canza abu ɗaya a sake aunawa ba. Muna yara mun ga 'yan'uwanmu suna ƙera motar kara da ta gwangwani, taya da murfin kwalba ko tsohon silifa. Yau idan yaro ya tara kwali da waya sai mu ce yana tara mana shara, alhali muna addu'ar ya shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko kwalejin fasaha ta Gwallameji ya fito injiniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai kun jira malami ya ba da aiki ba. Ku duba matsalar da ke gidanku ku miƙa wa yaran. A ba su ƙaramar jarka da igiya da sanda su haɗa abin wanke hannu da ake takawa da ƙafa, a rataye sabulu a gefe. A ba su tsohon gidan sauro da waya su yi murfin da zai hana ƙuda sauka kan abinci. A ba su kara da zare su gina gadar da za ta ɗauki gwangwanin madara uku. Ku iyakance musu kaya da lokaci, ku sa su zana kafin su fara, su gwada, su rubuta. In sun kasa, ku yi irin ta kakan nan: tambaya ɗaya, sannan ku yi shiru. Kuma a ba mata dama kamar maza.

Sai dai a kula. Kada yaro ya taɓa wayar wutar gida, ko fetur da kananzir. Kada a ba shi jarkar maganin ƙwari ko ta feshin gona komai wankinta, ko sirinjin da aka yi amfani da shi. Ƙananan batura masu kama da maɓalli a nisanta su da ƙannensu, domin haɗiye ɗaya yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Wuƙa da reza kuwa sai a gaban babba.

Da aka koma makaranta wuta ta daɗe da dawowa, amma kakan ya hana a taɓa tukwanen, wai firijin amarya ba ya fita daga gidansa. Sai ta ɗauki littafin awonta da bokitan robar nan da suka ƙi, ta ce da su za ta fara bayani. Na ba ta kuɗin Keke Napep, kuɗin da na ware wa kafinta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.