Tsohon Alƙalami Da Neman Tawada A Gwagwalada

Duk wanda ya zauna ajin nazarin aron kalmomi ya san cewa kayan rubutunmu baƙi ne da suka zama 'yan gari. Kalmar alƙalami daga Larabci muka aro ta, su kuma Larabawa ana danganta tasu da kalmar Girkanci mai nufin kara. Tawada ma asalinta Larabci ne, inda take nufin kurtun da ake zuba ta. Shi kuwa biro sunan mutum ne, wato László Bíró, ɗan jaridar ƙasar Hangari wanda ya yi wa ƙirƙirarsa rajista a 1938. Tsakanin alƙalamin gamba na makarantar allo da biron da ke aljihun kowa a yau, akwai wani alƙalami da ya yi zamani a hannun malaman makaranta da akawuna da alƙalai, wato alƙalami mai shan tawada. A kansa nake so in ɗan yi tsokaci, domin na yi wata biyu ina fafutukar ciyar da guda ɗaya.

Irin waɗannan alƙaluma kashi biyu ne. Akwai masu zuƙar tawada daga kwalba, kamar Hero na ƙasar Sin da iyayenmu suka yi makaranta da shi. Akwai kuma masu amfani da wata 'yar roba doguwa da ke zuwa cike da tawada, a cusa ta a ciki, in ta ƙare a jefar a sa wata. Ni dai kwanson tawada nake kiranta, saboda kamarta da kwanson harsashi. Kamfanin Waterman ya fito da alƙalami mai kwanson roba a 1953, sannan kamfanin Parker na Amurka ya fito da nasa mai suna Parker 45 a 1960. Matsalar ita ce kusan kowane babban kamfani da faɗin bakin kwansonsa. Na Parker ba ya shiga Sheaffer, na Sheaffer ba ya shiga Pelikan. Wasu ma, kamar na wancan tsohon Waterman, an daina yin su. Ke nan alƙalami na iya kasancewa lafiya ƙalau amma ya mutu da yunwa.

Nawa Parker 45 ne, kuma na baffana ne, wanda ya yi ritaya yana hedimasta. Ranar da zan taho Jami'ar Abuja ya ciro shi daga akwati ya ce, "Ɗana, ni ba na son gaisuwar waya. Kowane wata ka rubuto mini takarda da wannan, da Hausa, in ga ko ana koya muku ƙa'idojin rubutu." Na ce, "To Baffa, in Allah ya yarda." Kwanso uku ya haɗa mini da su, ɗaya cike, biyu tawadarsu ta daɗe da bushewa. Wasiƙa biyu da darussan mako uku suka shanye cikakken. Daga nan ido ya raina fata, domin alkawari kaya ne, kuma Baffa ya san bambancin zanen biro da na alƙalaminsa ko da daga nesa.

Na zaga shagunan kayan karatu na Gwagwalada, daga kasuwa har bakin tasha. Wani ya miƙo mini tawadar hatimi, wani ya nuna mini ta firinta, wani kuwa dariya ya yi ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana firamare. Har Wuse na je, na samo kwalbar Quink, tawadar da Parker ke yi tun 1931, amma babu kwanso. Ga ruwa ga ƙishirwa, sai dai babu moɗa.

Wani abokina mahaddaci ya ce mu je wajen malaminsu a karɓo tawadar allo, ai ita ma baƙa ce. Malamin ya juya alƙalamin a hannunsa, ya duba bakinsa, ya ce, "Samari, kada ku kashe wa dattijo kayansa. Tamu da gawayi da ƙaro ake yin ta. Ƙaro kuwa in ya bushe ya zama danƙo. Alƙalamin gamba in ya toshe fiƙe shi ake yi, wannan da me za ku fiƙe shi?" Maganarsa ta yi daidai da yadda abin yake aiki. A ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wata 'yar hanya siririya kamar gashi. Ta nan tawada ke gangarowa, iska kuma na hawa ta cike gurbinta. Duk tawadar da ke da ƙaro ko gari ko maiƙo, nan za ta daskare. Shi ya sa ta allo da ta hatimi da ta zane duk ba su dace ba. Sai wadda aka yi domin irin wannan alƙalami, wadda ruwa ce tsararo da rini.

Dabarar da ta fitar da ni daga wata ɗaliba mai karatun aikin jinya ta zo: sirinji. Da na je kyamis sai mai shagon ya ƙare mini kallo ya ce, "Malam, wa za a yi wa allurar?" Na fito da alƙalamin na ce ga majinyacin. Sai da ya ga kwanson da idonsa ya yarda ya sayar mini, kuma ban ga laifinsa ba, ganin yadda shaye-shaye ya addabi matasa.

Ga yadda ake yi, ga mai bukata. A samu sabon sirinji, kada a kuskura a ɗauki wanda aka yi wa wani allura da shi. A goga tsinin allurar a kan dutse har ya dakushe, don kada ya soki hannu ko ya huda robar. A zuƙi ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, a yi ta ɗura wa kwanson ana zubarwa har ruwan ya fito fari. Sashen bakin alƙalamin ma a jiƙa shi ya kwana in tsohuwar tawada ta bushe a ciki. Idan komai ya tsane, a zuƙi tawada daga kwalba, a zura allurar har gindin kwanson, a riƙa matsawa a hankali ana janyewa sama, don kada kumfa ta taru. A bar ɗan sarari a sama, a mayar da kwanson ya zauna daram, a jingine alƙalamin bakinsa na ƙasa na 'yan mintoci. Kwanso ɗaya bai kai mililita 2 ba, kwalbar Quink kuwa mililita 57 ce, don haka kwalba guda za ta cika shi kusan sau 30 ko fiye.

Sai dai akwai abin lura. Yawan cirewa da mayarwa yana buɗa bakin kwanso, daga nan ya fara yoyo, saboda haka nake juya ukun nan, ba na takura wa ɗaya. Wanda ya samu kwanso mai famfo na kamfanin alƙalaminsa, wanda ke zuƙa kai tsaye daga kwalba, ya huta da sirinji. Sannan ga zafin Gwagwalada, wanda duk wanda ya yi watan Maris a nan ya san shi. Iskar da ke cikin kwanson da ya yi rabi tana kumbura da zafi ta turo tawada waje, don haka a riƙa soke alƙalami a aljihu bakinsa na sama, kada kuma a bar shi a rana. Da hunturu kuwa bakin ne ke saurin bushewa, sai a riƙa rufe shi da zarar an dakata.

Wasiƙata ta uku ta tafi a makare da mako biyar. Amsar Baffa ta zo da gyara huɗu da jan biro, uku a kan raba kalmomi, ɗaya a kan ƙugiyar da na bari ba ta fito sosai ba. Game da tawadar bai ce komai ba, wanda a wajensa yabo ne.

'Yan'uwana ɗalibai, na tabbata a gidajenmu da yawa akwai irin waɗannan alƙaluma kwance cikin akwatunan iyaye da kakanni, tare da tsofaffin takardun shaida. In kun je hutu ku tambaya, kuma ko da kwanson ya bushe kada ku jefar, domin shi ne abin da ya fi wuyar samu. Ku tambayi masu su ma sunayen da suke kiran sassansa da Hausa, ku rubuto wa wannan mujalla, ko ma samu kalmar da ta fi kwanso dacewa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.