Hammatar Makaɗi a Cikin Kwamfuta

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu a makarantar nan da laftof muke neman na rajista. Ni da FL Studio nake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa a gida Rabah. Idan aka cire albasa a Wurno da Goronyo, kuɗi ya shiga hannu, bukukuwa suka kankama, to lokacin ne kasuwata ke ci. Amma kasuwar ba ta da tausayi. Idan sautinka ya fito a miƙe kamar hon ɗin mota, mawaƙi zai ce, "Kiɗin ga bai motsi, abokina," ya kai aikinsa Sakkwato.

Abin da ke sa sauti motsi wani ɗan sashe ne a cikin manhajar da ake kira LFO. Kunnen mutum yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Shi LFO yawanci ƙasa da 20 yake kai da kawowa, don haka ba a jin sa. Aikinsa kawai ya riƙa murɗa maka wani maɓalli, gaba da baya, ba gajiya.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya riga ya san wannan. Ku tuna kalangu, irin wanda aka yi wa Shago kiɗan dambe da shi a waƙoƙin Ɗan Anace na Gandi. Makaɗi shi ke buga fata, amma hammata ce ke matse tsirkiya, murya ta hau, ta saki, murya ta sauka. Hammatar ba ta ƙara, amma cire ta ka ji abin da zai rage. To LFO hammata ce.

Inda ka jona shi, nan zai taɓa. Jona shi da kaifin murya, ka sa gudunsa wajen sau 5 ko 6 a sakan, sai sautin ya riƙa rawa kamar tsirkiyar goge. Jona shi da ƙarfin sauti, ka ji yana tasowa yana lafawa. Jona shi da matacin sauti, ka ji "wawu-wawu", kamar ana buɗe baki ana rufewa. Abu uku za ka lura da su: gudu, zurfi, da siffa. Siffa mai lanƙwasa tana tafiya a hankali; mai kusurwa huɗu kuwa tsalle take tsakanin wuri biyu, kamar jiniya. Zurfin nan a yi hattara da shi, kaɗan ya isa, in ya yi yawa sai kiɗa ya koma kukan sauro.

Sai dai fa akwai inda na'ura ta tsaya. LFO maimaici ya iya, abu guda yake ta yi. Kalangu kuwa magana yake, yana bin hawa da saukar muryar Hausa har mutum ya ji kirarinsa ya miƙe tsaye. Irin wannan sai ka zana shi da hannunka, gaɓa bayan gaɓa. Don haka nake cewa, kafin ka sauke sautukan Legas ko na Indiya ka liƙa, in ka je hutu ka zauna kusa da makaɗin mahautan garinku. Kada ka kalli hannunsa. Kalli hammatarsa.