Filin Ƙwallo da Amanar 'Ya'yan Mutane

Matasan malaman da ke horar da yara ƙwallon ƙafa a makarantunmu na Kudancin Kaduna sukan zo gaishe ni, kuma da hira ta ɗan yi nisa sai tambaya ɗaya ta fito: "Baba, addu'a tana cin wasa?" Amsar da nake ba su ba ta canzawa. Na durƙusa tare da yarana mun roƙi Ubangiji, muka shiga fili aka ɗura mana ƙwallaye. Na kuma ga ranar da muka isa a makare, ko numfashi ba mu mayar ba, muka dawo da kofi. Aikin da bangaskiya ta yi mini ya fi cin wasa nauyi. Ita ce ta riƙa tashina in koma fili washegarin rashin nasara, ita ce kuma ta hana ni mantawa cewa yaran nan 'ya'yan mutane ne da aka ba ni amana.

Kafanchan garin jirgin ƙasa ne. Tun da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya ratso nan ya haɗu da Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗar jama'a. Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Jaba. Ƙwallo ta shigo mana ta hanya biyu: ma'aikatan reluwe da makarantun mishan. 'Yan mishan ɗin SIM sun kafa tasha a Kwoi da Kagoro, daga aikinsu ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, Katolika da Angilika su ma sun buɗe nasu makarantun. Ko da gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, mun gaji wata ɗabi'a daga malaman da suka rene mu, cewa aikin malami ba ya ƙarewa da ƙararrawar tashi. Wanda ya koya maka lissafi da safe shi ne zai tsaya da usur a fili da yamma, ran Lahadi kuma ka gan shi a majami'a. Idan halinsa a wuri guda ya saɓa da na sauran, yara ne za su fara ganewa.

Ni an ba ni aikin malamin wasanni ne a kan darasin da nake koyarwa, babu ƙarin ko sisi. Kayan aikinmu ƙwallo ɗaya ce, wani lokaci biyu. In ta fashe sai in sa ta a jaka in kai wa mai gyaran takalmi a kasuwa. Zai warware ɗinki da basilla, ya zaro robar ciki, ya tsoma ta a ruwa har ya ga inda kumfa ke fita, ya liƙe, ya sake ɗinkewa da zare mai kaki. Turakun raga na gora ne, layin fili kuwa da tokar kicin ɗin makaranta muke ja. Da damina yara su zo da adda da lauje su sare ciyawa kafin a taɓa ƙwallo, da hunturu ƙasa ta bushe har faɗuwa ɗaya ta kwashe wa yaro fatar gwiwa. Yawancinsu da ƙafar Allah suke bugawa. Waɗannan abubuwa ba su taɓa karya mini gwiwa ba, domin talauci abu ne da muka sani tun a gida. Jarabawar da ta fi wuya ta wajen mutane take zuwa.

Ta farko ita ce ta 'yan haya. Duk wanda ya shiga gasar makarantu ya san su: ƙarti da suka gama sakandare tuntuni, a aske musu gemu, a ba su rigar makaranta da sunan wani ɗalibi. Wata shekara mun kai wasan kusa da na ƙarshe, sai wani mai faɗa a ji daga cikin tsofaffin ɗalibai ya same ni da yamma da samari uku a bayan motarsa. Ya ce, "Malam, kowa yana yi. Ka sa su, ni zan ji da takardu." Na dubi kyaftin ɗina da ke tsaye a gefe riƙe da bokitin ruwa, yaron da tun farkon zango bai yi fashin atisaye ba, wanda shi ne zai koma benci idan na yarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da ƙaunar da kake wa makaranta, amma da waɗanda suka sare ciyawar filin nan zan buga." An cinye mu a wasan. Mako guda wasu abokan aiki ba sa amsa gaisuwata da kyau, yara ma sun yi kuka a mota.

Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa ran Lahadi zan tsaya a gaban waɗannan yara a zumuntar ɗalibai ta FCS in yi maganar gaskiya. Manzo Bulus, da yake ƙarfafa Timoti, da ɗan wasa da kiyaye ƙa'ida ya ba shi misali, kuma ban ga yadda zan karanta wannan da safe in sayi ƙarya da yamma ba. Yaron da ya ga malaminsa ya sauya shekarun wani don kofi ya koyi darasin da zai kai ɗakin jarabawa, ya kai ofis, ya kai rumfar zaɓe. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a filin Ahmadu Bello na Kaduna, hukumar FIFA ta kawo na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Abin kunyar da ya kai mu ga haka a ƙananan filayen makarantu ya fara.

Ta biyu ita ce tsoro. Akan zo wa yara da labarin cewa abokan karawa sun binne laya a gindin turken raga, ko an ba golansu wani abu ya ɗaura a ƙugu. Sai ka ga yaro mai ƙarfi ya yi sanyi tun kafin a busa usur, wasu ma su fara tara kuɗi a ɓoye don su je neman nasu. Ban taɓa yi musu dariya ba, domin tsoron na gaske ne. Nakan zaunar da su in tambaya: wa ya ba ku ƙafafun nan? Sa'an nan mu tashi mu buga fanareti har duhu ya hana mu ganin raga. Yaron da ya saba da abin da zai yi a gaban gola, zuciyarsa ba ta da wurin ajiye laya.

Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce rikici. A watan Maris na 1987 faɗa ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a nan da Zonkwa, aka sa dokar hana fita. Kowane lokaci makaranta takan rufe, in an buɗe kuma yara su dawo da abin da idonsu ya gani.

Ranar farko ta atisaye bayan na 2011 tana nan a raina. Yaran da a da suke cin rake ɗaya suka tsaya gida biyu, Kirista a gindin mangwaro, Musulmi a bakin raga, babu mai kallon wani. Wasu an ƙone musu gida, wasu sun binne 'yan'uwa. Ni ma zuciyata ba fara take ba, domin akwai waɗanda na sani cikin mamatan. Ban yi wa'azi ba. Na jera su layi ɗaya, na sa suka ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, masu ɗaya suka cire riga, masu biyu suka bar tasu. Minti goma na farko kowa na neman ɗan addininsa da ƙwallo. Can wani ɗan baya, ɗan fasto, ya ga ɗan gabansa ya kufce, sai ya manta da komai ya kira sunansa da ƙarfi ya zura masa. Da aka tashi, bokiti ɗaya ne, moɗa ɗaya, suka sha bi da bi. Wannan bai ta da matattu ba, bai gina gidajen da suka ƙone ba. Amma washegari dukansu sun dawo, jibi ma haka.

A nan na fahimci abin da Yesu Almasihu yake nufi da labarin Basamariye mai tausayi. Maƙwabcin da aka ce in ƙaunata shi ne yaron da yake gabana, ko wane suna iyayensa suka raɗa masa. Saboda haka ban taɓa tilasta wa ɗan Musulmi ya shiga addu'armu ba. Kafin wasa kowa ya roƙi Allah yadda aka koya masa a gida. Da azumi nakan rage gudu in matsar da atisaye, in lokacin la'asar ya yi kuma a dakata. Shaidar Kirista a fili ita ce yaro ya san cewa a wurin wannan malami ba za a ajiye shi a benci don addininsa ko ƙabilarsa ba.

Nakan tuna musu da gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Barazil tana gabanmu da ci 3 da 1, mutane da yawa sun kashe rediyo sun kwanta, sai aka farke, Nwankwo Kanu ya ci ta huɗu. A wasan ƙarshe aka doke Ajantina 3 da 2. A wannan tawaga akwai Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Garba Lawal da Tijjani Babangida, dukansu haifaffun Kaduna, Kirista da Musulmi cikin riga ɗaya. Nakan kuma tuna musu da Victor Moses, wanda ya rasa iyayensa a rikicin Kaduna na 2002 yana ɗan shekara 11. A Ingila makarantar Whitgift ta karɓe shi, wani tsohon ɗan wasan Chelsea, Colin Pates, ya horar da shi a can. Ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya ci gasar Firimiya da Chelsea a 2017. Mutane suna ganin kofunan, ni kuwa ina tunanin malamin makarantar da ya tsaya wa maraya.

Sai dai gaskiya ce dole a faɗa wa yara: cikin dubu, da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo. Akwai 'yan damfara da ke karɓar kuɗin gonar uba da alkawarin kai yaro Turai, ƙarshe a watsar da shi a wata ƙasa. Don haka dokata ita ce wanda ya yi fashin aji ba zai sa jesi ba. Lokacin haƙar citta kuwa, in yaro ya ɓace, nakan hau keke in bi shi gona. In gaida uban, in taya su tsinta, sa'an nan in ce, "Baba, ka ba ni shi yamma biyu a mako, ni kuma zan tsaya a kan karatunsa." Yawanci sukan yarda, don sun ga na tako da ƙafata. Manomin citta ya san cewa abin da ya shuka ya lulluɓe da ganye a farkon damina sai bayan watanni zai gan shi, kuma haka aikin malami yake. Waɗanda na horar yau akwai malamai, akwai sojoji, akwai fastoci da limamai, akwai direbobi da ma'aikatan jinya. Idan ɗayansu ya riƙe gaskiya a inda yake, to wannan ne kofina.

Ku 'ya'yana da ke riƙe da usur yanzu, za a yi watannin da albashi zai makara, za a ba wanda bai kai ku ba yabo, za ku gina ƙungiya shekara uku ta watse rana ɗaya. Ku yi addu'a, amma ku roƙi abin da ya fi ci: a tashi lafiya babu karaya, a ba ku ikon riƙe harshe a gaban alƙalin wasa, a tsare ku daga son kai. Ku san gidan kowane yaro, ku san wanda bai karya ba. Ku kuma dattawan ikkilisiya da iyayenmu na zumuntar mata, kuɗin ƙwallo biyu da jesi ɗaya bai kai na bikin rana guda ba, kuma yaron da ke fili da yamma ba ya wurin masu ƙwaya ko masu neman wanda za su ba makami. Ku je makarantar unguwarku ku tambayi malamin wasanni abin da ya rasa, ku ba shi, kuma ranar wasa ku zo ku tsaya a bakin fili ko da an tabbata za a cinye su.