Ƙwallo a Ƙarshen Layin Dogo

Mu mutanen Zariya muna da tsohuwar hulɗa da Ƙaura Namoda, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa taka garin ba. Daga wajenmu reshen layin dogo ya tashi, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya je ya tsaya cak a Ƙaura a shekarar 1929, jirgi yana kwaso gyaɗa da auduga yana sauka da su kudu. Yanzu mai son zuwa sai ya nemi mota. Daga Gusau tafiyar kusan kilomita 60 ce, amma direbobin hanyar da rana suke lissafi. Wanda ya ɗauke mu tun a tasha ya faɗa mana ƙa'idarsa: "Alhaji, hanyag ga ba a yi mata sammako, ba a kuma bari marece ya yi."

Ɗan ƙanwata na je dubawa, yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda kowa a garin yake kira Poli. An kafa ta a 1983, shekara 13 kafin a yanko Jihar Zamfara daga Sakkwato, kuma ta girmi Jami'ar Tarayya ta Gusau da shekara 30. Daga Ƙaura har ka dangana da iyakar Nijar, ko ta Shinkafi ko ta Zurmi, ita ce makarantar da iyaye suke nunawa da yatsa in ana maganar karatu mai zurfi.

Yaron nawa ɗan ƙwallo ne, tsakiya yake bugawa. Da dare ya ja ni teburin mai shayi inda abokansa suke taruwa, a nan na tarar da gardamar da ta sa na ɗauki alƙalami. Tambayar ita ce, in makaranta ta samu 'yar rara a aljihu, shin ya dace ta ƙara wa wasanni kuɗi? Samarin duk bakinsu ɗaya. Suna son takalma, suna son riguna masu tambarin makaranta, suna son mota ta kwashe su zuwa gasar NIPOGA, wadda kwalejojin fasaha na ƙasar nan suke haɗuwa a cikinta kamar yadda jami'o'i suke haɗuwa a NUGA tun 1966. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya bar su suka gama zuba, sannan ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaran ga, ku bari a gina katanga tukuna. Wanda ba ya barci ido rufe, mi zai yi da kofi?"

Ba wanda ya yi masa dariya. A ƙasar nan kowa yana riƙe da ranakun a ka. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumbar shekarar aka shiga makarantar Kaya ta Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. A Satumbar 2023 aka bi ɗaliban jami'ar Gusau har ɗakunansu na haya a Sabon Gida. Shugaban makarantar da ke da wannan a zuciya, in ka kawo masa takardar neman kuɗin takalman ƙwallo ya tura ta ƙasan fayil, ba zan kira shi maƙiyin matasa ba.

Akwai kuma wata matsala da samarin ba su ambata ba, wadda take cikin tsarin karatun Poli ko'ina a Najeriya. Ɗalibi shekara 2 yake yi ya karɓi ƙaramar difloma, ya fita aikin sanin makama na shekara guda, in ya dawo babbar difloma ma shekara 2 ce, kuma ba lalle ya dawo makarantar da ya bari ba. Kafin mai tsaron raga ya gane halin masu tsaron bayansa, rabinsu sun tattara akwati. Ga yajin aiki da yake wargaza kalanda. Kuɗin da aka zuba a kan 'yan wasa goma sha ɗaya don su ciwo kofi, tare da su yake fita ta ƙofar makaranta. Kuɗin wasanni da ɗalibai suke biya wajen rajista a yawancin manyan makarantu ba ya isa mota da masauki da abincin tafiya guda mai nisa. Manyan gine-gine kuwa hannun asusun TETFund ake kallo, shi kuma azuzuwa da ɗakunan gwaji da karatun malamai ne a gabansa.

Har na kwanta ina ganin dattijon ya ci gardama. Shinkafi ce ta sa na sake lale.

Hanyar Shinkafi ta Moriki take bi, shingen jami'an tsaro bayan shinge, fasinjoji kowa ya yi tsit sai an hango gari. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi take ci, wadda a da fatake daga Maraɗi da Kano da kudancin ƙasar nan suke cika ta da dabbobi da hatsi. Bayan la'asar na bi hayaniya har wani fili a gefen gari. Turakun raga na icce ne, an ɗaura igiya a sama. Ƙwallon ta sha ɗinkin baduku har ta fita daga siffarta, in aka buga ta dama sai ta ɗan karkata hagu, kuma duk 'yan wasan sun san da haka, suna auna bugunsu da karkatar. Ɓangare guda da riga, ɗaya ɓangaren sun tuɓe. Wani ɗan tsamurmurin yaro mai takalmin roba a ƙafa ɗaya ya yanke mutum uku, ya ɗaga kai, ya ajiye wa abokinsa ƙwallo a gaban raga. Masu kallo sun fi ƙarfin ƙirga, har da masu tallan gyaɗa da ruwan leda. Da ladan ya kira magariba alƙalin wasa ya busa, ba gardama, fili ya watse.

Na tambayi wanda yake horar da su, wani tela ne da ya taɓa bugawa a Gusau, yaushe rabon su da fita wasa wani gari. Ya girgiza kai. Uba ba zai bar ɗansa ya hau wannan hanya saboda ƙwallo ba, mai mota ma kuɗin da zai yanka ya fi ƙarfinsu. Gasa kuwa sai zaɓe ya ƙarato, wani ɗan takara ya sa kofi da sunansa, a raba riguna masu hotonsa, bayan an ƙirga ƙuri'a shi ke nan. Yaran sun san jerin 'yan wasan Arsenal da Real Madrid daga gidan kallo mai janareto, amma ba su taɓa karawa da tsaransu na Zurmi ba.

A Zurmi zancen dambe da kokawa na fi ji a bakin manya. Da kaka, in an kai amfani gida, rundawa sukan bi gari gari da kalangu, a share fili, a yi ta gwabzawa har dare. Ƙasar da ake jin waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago a kowane rediyo ba ta buƙatar a koya mata son wasa. Abin da ya ragu shi ne taron, domin taron dare a ƙauye yanzu kasada ne. Tsallaken iyaka kaɗan, gwamnatin Nijar ta riƙe kokawa da hannu biyu tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa. Ana zagayawa da ita jiha jiha, Maraɗi tana da nata filin, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso har a majalisun Zurmi ana ambatonsa. Mu ma an sa dambe da kokawa da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa, sai dai da wuya ka ji babbar makaranta ta ware musu ko da bishiyar da za a yi atisaye a ƙarƙashinta. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, ganin ba wasan da ya kai su araha: yashi, igiya, ƙyalle, da mai duba lafiya.

Irin wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. A Amurka akwai wasan besbol, inda ɗaya yake jefa 'yar ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda ya zagaya sansani huɗu a guje. Jami'o'i suna da ƙungiyoyinsa, kuma galibinsu ci suke yi ba sa kawowa. A 2010 Jami'ar Kalifoniya da ke Bakile ta ce za ta rushe tata ƙungiyar saboda ƙarancin kuɗi. Tsofaffin ɗalibai da masoya suka tashi, suka tara alkawarin dala miliyan 9, jami'a ta janye maganarta a 2011, kuma a shekarar ƙungiyar ta kai gasar ƙarshe da ake yi a garin Omaha. Dalolin ba namu ba ne. Abin ɗauka shi ne inda suka fito, wato aljihun waɗanda suka taɓa sa rigar. Makarantar da ta haura shekara 40 tana yaye ɗalibai tana da mutanenta a bankuna da ma'aikatu da majalisu, kuma turakun ƙarfe biyu da raga ba su fi ƙarfin aji guda na tsofaffin ɗalibai ba.

Misalin da ya fi kusa kuwa a gidanmu yake. Ƙwallon kwando ta kafu a Zariya ne saboda fili da kuma mutum guda da ya zauna, Ba'amurken koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya shafe shekaru yana horar da ɗalibai tare da yaran gari. Cikin yaran akwai Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya, ya je ya shugabanci Toronto Raptors har suka ɗauki kofin NBA a 2019. Ɗalibai sun zo sun wuce, koci da fili kuwa suka zauna.

Da na koma Ƙaura na faɗa wa ɗan ƙanwata ra'ayina, bai ji daɗinsa duka ba. Ya ce, "To Kawu, rigunan fa?" Na ce riguna su ne na ƙarshe.

A ganina ya kamata a ƙara kuɗin, amma a sauya inda ake zuba shi. Kada a kashe shi wajen neman kofi a Legas ko Fatakwal. A fara da fili mai shinge a cikin harabar da ake gadi, da famfo a gefensa, da koci mai albashi wanda ba zai tafi in an yaye aji ba. A mayar da la'asar ɗin Laraba ta wasa kamar yadda jami'o'i da yawa suka saba, a yi gasar sashe da sashe, mata ma a ba su nasu wurin da nasu lokacin. Sannan a buɗe ƙofa ga makarantun sakandare na gari. Sau ɗaya ko biyu a shekara, da rana tsaka, cikin rakiyar da ake yi wa motocin kasuwa, a kawo yaran Shinkafi da na Zurmi da na Birnin Magaji su kara da juna, a haɗa da kokawa da langa. Nan ne katangar dattijon da burin samarin suke haɗuwa, domin katangar da ta tsare ɗakin kwana ita za ta tsare fili. Yaron da ya shiga harabar Poli don buga ƙwallo kuwa ya ga ɗakin karatu da idonsa, ya ga tsaransa riƙe da littafi, a yankin da masu ɗaukar yara aikin daji ba sa hutu. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, kuma ban ga abin da zai hana ma'aikatar wasanni ta jiha da ƙananan hukumomin uku su ɗauki kuɗin mai da na alƙalan wasa ba.

Saura tsofaffin ɗaliban Poli da ke Kano da Kaduna da Abuja. In kun haɗu taronku na gaba, kafin a kai ga zancen kalanda da hular anko, ku tambayi nawa ne kuɗin raga biyu da albashin koci na shekara guda.