Littafi Goma Sha Biyu A Shekara



Bara, da aka dawo hutun Ƙaramar Salla, Malam ya ɗora mana aiki: kowane wata littafi ɗaya, kuma ban da maimaita fanni. Na fara da Ahalari a fiƙihu, sai Arba'una Hadisi, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Duk suka tafi sumul.

Da watan waƙa ya zo, na ce a kai kasuwa. Ga kuma kogin Haɗeja ya tumbatsa, ruwa ya shigo ɗakinmu ya jiƙe littattafaina. Na ce shi ke nan, na haƙura.

Kakana ya ce, "Kai yaro, ruwa ya ci takarda, ai bai ci idonka ba." Ya buɗe adakarsa ya zaro Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja. Ashe ɗan garinmu ne! Kullum bayan Isha'i ina rera masa, yana gyara mini kari.

Goma sha ɗaya na kammala, ban ci kyauta ba. Amma bana da waƙa zan fara, in Allah ya yarda.