Babban Turanci a Tsakar Gida

Bayan sallar isha'i muka baje tabarma a tsakar gidan Yaya a Illo, mu uku, ga dafaffiyar gyaɗa a faranti. Maƙwabciyarta ce ta fara, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, ki rufa mini asiri. 'Yata ta ɗauko ƙamus tun daga shafin farko tana hadda kamar mai tilawa. Wai jarrabawar JAMB ta matso, kuma a takardar Turanci ana cewa ka zaɓi kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, ko kishiyarta. Wallahi har ta rame."

Na ce, "Maman yara, bari in ba ku wani labari, amma ya tsaya nan. Shekarar da na fara koyarwa, biki ya taso a gidan Gwaggo a Malanbil, can cikin Benin. Da ma a wurinta na tsinci ɗan Faransancina, inda *demander* yake nufin roƙo. Da na zo rubuta takardar neman izini sai na tuna da *demand* ta Turanci, na ce ga babbar kalma, na dasa ta. Washegari shugaban makaranta ya kira ni, ya ce, Malama, roƙona kike yi ko umarni kike ba ni?"

Yaya ta ƙyalƙyale da dariya har gyaɗa ta shaƙe ta. "Ashe Faransancin ne ya cuce ki!"

"A'a Yaya, garajena ne. Kowace kalma da nauyinta. Mu ma ai *mutu* da *rasu* ma'anarsu ɗaya, amma wa zai shiga gidan gaisuwa ya ce mai gida ya mutu? Wanda ya haddace ma'ana kawai, ya sayi tuwo ne ya bar miya."

"To yaya za ta yi?" in ji maƙwabciya.

"Ta fara da abin da ke kunnenta. Yaran nan namu na bakin iyaka suna da jarin da ba su sani ba. A shekarar 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu tsawon ƙarnuka. Shi ya sa Bature yake da kalma biyu a kan abu ɗaya: *begin* ta gida, *commence* ta ofis, *freedom* ta gida, *liberty* ta takarda. Kamar yadda muke da *sani*, sannan ga *ilimi* daga Larabci. Yarinyar da ta saba jin *commencer* a bakin 'yan uwanta na ƙetare, ai ta riga ta yi rabin tafiya."

"Sai dai kada ta yi irin taki," in ji Yaya.

"Shi ya sa zan ce ta duba jimlar misali kafin ta taɓa kowace kalma. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda Hornby ya fara fitarwa a 1948, ƙarfinsa ke nan: yana nuna maka kalma tana aiki cikin magana. Sannan ta riƙa bin dangi. Saiwar *port* a Latin ɗauka take nufi. *Import* shigo da kaya, *export* fitar da su, *transport* jigila, *porter* ɗan dako. Kin ga kalma huɗu a buhu ɗaya, kuma duk abin da take gani ne a hanyar bakin iyaka."

Maƙwabciya ta yi shiru, ta ce, "Haddar fa?"

"Ta ajiye ta. Ta samo ƙaramin littafi, kalma biyar a rana daga abin da ta karanta, kowace da jimlar da ta tsince ta a ciki, sannan ta ƙirƙiri tata jimlar a kan gidanku ko kasuwa. Ran Juma'a ta kawo mini in duba."

Yaya ta tura mini faranti. "To Malama, mu ma muna *demand* ɗin labarin bikin. Ya ba ki izinin kuwa?"

"Ya ba ni, Yaya. Bayan na sake rubuta takardar sau biyu."