Ranar da Rumawa suka ƙi jin maganar matuƙan jirgi

A shekara ta 255 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsakiyar yaƙin farko tsakanin Rum da Kartaj, jiragen ruwan Rumawa 364 suka juyo daga gaɓar Afirka ɗauke da ragowar sojojinsu. Matuƙan jiragen suka yi ta roƙon shugabannin yaƙin biyu kada a bi ta kudancin tsibirin Sisili, domin gaɓar ba ta da mafaka, ga shi kuma lokacin guguwa ne. Shugabannin suka yi kunnen uwar shegu, wai suna so garuruwan bakin teku su ga yawan jiragensu su tsorata. Kusa da garin Kamarina guguwa ta far musu. Jirage 80 kaɗai suka tsira, gawarwaki da fasassun katakai suka cika gaɓar. Masanin tarihi Folibiyus bai ɗora laifin a kan ƙaddara ba, a wuyan shugabannin ya rataya shi.

Sai dai ba su daddara ba. Cikin wata uku suka ƙera jirage 220, amma a shekara ta 253 teku ta sake cinye fiye da 150. A ta 249 kuma, can dai kudancin Sisili, matuƙan Kartaj suka hango alamun hadari, suka faɗa wa shugabansu Kartalo. Shi ya ji, ya kewaya da jiragensa gabashin tsibirin suka tsira. Na Rumawa kuwa iska ta ragargaza su ƙurmus.

Jiki magayi. Da baitulmali ya ƙare, Rumawa suka sauke girman kai. Attajirai suka ba da rance aka ƙera jirage 200, aka kwaikwayi ƙirar wani jirgin abokan gaba da suka kama. Sabon shugaba, Katulus, ya riƙa horar da masu tuƙi kullum. A shekara ta 241 suka murƙushe Kartaj a tsibiran Egates, yaƙin ya ƙare.

Muƙami ba ya ba mutum ilimin da bai koya ba. Idan kai ne a gaba, masu sana'a suka ce maka kada a bi nan, ka saurara, domin ba kai kaɗai ne cikin jirgin ba.